Ɗigon Mutanen Hindu

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa shekaranjiya a bakin rijiya. Ba sai na kama suna ba, shi ya san kansa. Wai karatun Malam Hamidu hutu ne: a tashi daga nahawu da fiƙihu kai ya yi zafi, a zo gaban allon yashi ana tone-tone kamar kaji. Wai alama tara ce da ɗigo ɗaya, ko mai tallar fura ta haddace su kafin la'asar. Ban ji haushi sosai ba, amma na ɗan ji. To tunda yau ruwa ya hana mu fita gona, ku matso in ba ku labarin ɗigon nan da kuka raina, domin akwai shekarar da ya fitar da ni daga zauren nan, ni da buzuna.

A wurin Malam Bukar na koyi hisabi, Allah ya jiƙansa. Kakanninsa daga Barno suka zo, suka zauna a ƙauyen nan na arewa da Bici tun ba a haifi ubana ba. Malam Bukar ya tafi aikin hajji a ƙafa, sai da ya shekara bakwai ya dawo, har an fara yi masa addu'ar mamata. A Makka ya sauka gidan wani mutumin ƙasar Hindu mai haɗa magunguna da turare. Kullum yana ganin mutumin nan yana zane a kan wani katako mai ƙura, in ya gama sai ya faɗi awon magani, ko yawan kwanakin da suka rage a shekara, ba ya kuskure. Malam Bukar ya iya lissafin abajada kamar kowane malami, wanda ake bai wa kowane harafi adadinsa, amma ya ga abin da zai ɗauke shi yini mutumin nan yana gamawa kafin ruwan alwala ya bushe. Sai ya ajiye girmansa ya ce a koya masa. Abin da ya kawo mana tsaraba ke nan: alama tara da ɗigo ɗaya. Wasu suka ce da dabino ya kawo da ya fi.

Aikin farko da ya ba ni ba lissafi ba ne, tankaɗen yashi ne. Lokacin na sauke Alƙur'ani, na yi aure, gemu ya fara fitowa, ina jin kaina wani abu. Ya miƙa mini ƙwarya ya ce in je rafi in ɗebo rairayi, ban da ƙasar gona, don ita tana dunƙulewa. In wanke, in shanya, in tankaɗe da rariya mai ƙananan ido har sau uku. Shi allon, ga shi nan kuna gani, katakon maɗaci ne da aka yi wa gefe don kada yashi ya zube. Tsinken rubutu kuwa na gamba ne, ba a feƙe shi da tsini sosai, in ya yi tsini layi ba ya fita. Wata biyu ina wannan aiki ina ƙunƙuni a ciki. Wata rana na yi ganda, na tankaɗe sau ɗaya na kawo. Ya ce in rubuta bakwai. Na rubuta. Ya leƙo ya ce, "Hamidu, bakwai na ce, ka ba ni saba'in. Kai mai kyauta ne haka?" Na duba, ashe wata 'yar tsakuwa ce ta zauna a gefen bakwai ɗin. Ya ɗauke ta da farce ya sa mini a tafin hannu, ya ce in riƙe ta har magariba. Na riƙe.

A ranar ya buɗe mini asirin abin. Ya ce mutanen Hindu sun yi wa lissafi ɗakuna. Ɗakin farko na ɗaiɗai ne, na biyu na gomomi, na uku na ɗaruruwa, haka har inda numfashinka ya kai. Huɗu in ta kwana a ɗakin farko huɗu ce, in ta matsa na biyu ta zama arba'in. To ta yaya mai karatu zai san ta matsa, alhali ba kowa a ɗakin farko? Sai a ajiye ɗigo ya tsare ɗakin. Sunansa sifili, ma'anarsa babu. Na ce, "Allah gafarta Malam, babu ma sai an rubuta ta?" Ya ce, "Ita ce ma aka fi mantawa, shi ya sa ake rubuta ta." Ya kuma gargaɗe ni da abu guda. Ya ce Larabawan da suka karɓi ilimin nan ba su ɓoye inda suka samo shi ba, hisabin Hindu suke ce masa a cikin littattafansu, don haka ni ma kada in kuskura in sake masa suna.

Da ya rasu na gaji allon da buzunsa a zauren nan. Wancan lokacin buzu uku ne. Na Malam Ɗahiru yana tsakiya, shi ne babba, shi ke ba da fiƙihu. Na mai nahawu yana dama. Nawa yana can bakin ƙofa inda awaki ke leƙowa. Ɗalibai manya ne kamarku, waɗanda suka sauke suka zo neman ilimi, wasu daga Tsanyawa, wasu daga Minjibir, suna noma da safe suna karatu da yamma. Masu zuwa wurina da buƙata kuwa iri-iri ne. Mai son sanin kwana nawa ya rage tauraron shuka ya kama. Mahaƙan rijiya masu son a raba musu ladan haƙa gaba-gaba, wato awon hannu biyu a miƙe. Amma mafi yawa rabon gado ne, domin a ƙasar nan gona tana jikin gona, ba dajin da mutum zai sara in an cuce shi. Kunyar gona guda in ta kauce, zumunci ya kauce da ita har jikoki. Sai kuma masu ɓata mini rai: mace ta zo ta durƙusa ta ce tunkiyarta ta ɓata, in duba mata a yashi. In ce, "Baiwar Allah, ni ba na bugun ƙasa." Ta dubi allon, ta dube ni, ta tafi tana cewa na raina abin sadakarta ne.

Wannan kamannin da bugun ƙasa shi ne abin da Malam Ɗahiru bai taɓa so ba. Kada ku ɗauka mugun mutum ne. Ban taɓa ganin mai tsoron haƙƙi kamarsa ba, kuma ban taɓa ganin mai tsabtar takarda kamarsa ba. Kun san takarda daga arewa fatake ke kawo ta, ba a wasa da ita. Yana da 'yar wuƙar feƙe alƙalami, duk takardar da ta shigo hannunsa sai ya bi ta layi-layi yana kankare kashin ƙuda. Yana da hujja. Ɗigo ɗaya in ya sauka inda bai kamata ba, sai ya mai da wani harafi wani, ma'ana ta juye, ɗalibi ya haddace ɓata. Ƙuda kuwa ba ya neman izini kafin ya yi wa littafi ɗigo.

Wata rana bayan ɗalibai sun watse ya kira ni. Ya ce, "Hamidu, mutane suna magana. Suna cewa a zauren da ake karanta shari'a ana zane a ƙasa, kuma da sunan mutanen da ba salla suke yi ba. Ni ban ce haramun ne ba. Amma me zai hana ka ce masa hisabi kawai, ko ka ce na Larabawa ne, bakin mutane ya mutu?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, in na ari fartanyar mutum na yi noma, sai in goge shaidarsa daga ƙota? Malamina ya hana ni."

Ya ce, "To. Amma ka sani buzunka a bakin ƙofa yake." Na gane abin da yake nufi.

Gonar Mamman ita ce ta kawo ƙarshen zancen. Mamman ya rasu da bazara, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, tsohuwarsa Inna Hajo, da ƙaninsa Tanko. Tanko ya ɗauka gonar tasa ce tunda ba ɗa namiji. Inna Hajo kuwa, duk da shi ma ɗanta ne, ta ɗauki sandarta ta zo zauren nan ta ce a raba yadda Allah ya ce, don kada marayu su tashi suna roƙon abin ubansu. Malam Ɗahiru ya ba da hukunci, kuma daidai ya bayar: a kasa gona kashi ashirin da huɗu, matar ta ɗauki uku, uwa huɗu, 'ya'ya takwas-takwas, abin da ya rage, kashi ɗaya, na Tanko ne. Saura a sauke hukuncin nan a ƙasa, wannan kuwa aikina ne.

Na ɗauki igiyata ta rama mai ƙulli a kowace gaba na tafi. Tsofaffin kunyoyin bara suna nan ba a baje ba. Ba ƙirgawa kawai ake yi ba, sai ka auna, don na wajen ɗorawar da ke gonar gajeru ne, sai ka haɗa biyu su tashi ɗaya. Yini guda na yi ina ja ina ƙullawa, na samu kunya ɗari da ashirin cif. Na dawo kan allo, kafin a kira la'asar na gama: matar goma sha biyar, Inna Hajo ashirin, kowace yarinya arba'in, Tanko biyar. Na ɗauki takarda na rubuta sunan kowa, a gabansa na sa rabonsa. A nan na yi wautar da har yau nake jin ta. Da alamomin Hindu kaɗai na rubuta, ban sa adadin da kalmomi a gefe ba. Taƙama ce, ba wani abu ba, ina so a ga aikin allon da ake rainawa. Na miƙa wa Malam Ɗahiru, na kama hanyar Minjibir inda ake jirana da wani rabon.

Kwana huɗu na yi. Da na dawo na tarar da buzuna a naɗe, an jingine shi da bango, allon a kife a kansa. Zaure cike da ɗalibai, ba mai kallona. Malam Ɗahiru ya ce, "Hamidu, na karanta takardarka gaban magada. Matar goma sha biyar, ƙane biyar, uwa biyu, 'ya'ya huɗu-huɗu. 'Yar cikin mutum huɗu, matarsa goma sha biyar? Wace shari'a ce wannan? Tanko har ya fara murna, yana cewa sauran casa'in nasa ne tunda shi ke kwashe ragowa. In abin da yashin Hindu ke haifarwa ke nan, ba za a koyar da shi a inda nake zaune ba."

Na ce, "Arba'in na rubuta."

Ya ce, "Huɗu na gani. Na san alamomin nan tara, ba yau na fara ganinsu a hatimin laya ba."

Da mai hankali ne ni a ranar, da na ce a fito da takardar mu duba tare, magana ta ƙare a nan. Amma zuciya ta riga ta hau. Na ce, a gaban ɗalibansa, "To wanda bai iya karatu ba ai sai ya tambaya." Mutumin da ya yi sa'an ubana.  Malam Ɗahiru ya mai da takardar cikin gafakarsa ya ɗaure. Na ɗauki buzuna da allona na fita, ba wanda ya ce in dawo.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Kafin a sake zama kan gonar ruwa ya sauka, Tanko ya ce ba za a bar ƙasa ta kwana ba, ya shuke ta duka, aka ɗage rabo sai kaka. Ɗalibaina shida, biyar suka daina gaishe ni a hanya, na shidan yana gaishe ni amma sai ya waiga tukuna. Ba mai kirana rabo. Masu ɓatan tumaki kuwa suka ƙaru, don yanzu gari ya tabbatar ɗan duba ne ni, tunda har malamai sun kore ni. Na rataye allon a ɗaki, gizo-gizo ya yi gida a kusurwarsa. Abin da ya fi ci mini rai ba yunwa ba ce, gonata ta ciyar da ni. Tunanin cewa abin da Malam Bukar ya taka shekara bakwai ya ɗauko zai mutu a hannuna, saboda bakina, shi ne ya hana ni sakewa. Sau biyu ina zuwa har ƙofar zauren in ba da haƙuri, sai in ji muryarsa yana karatu, in wuce kamar kasuwa za ni.

Da aka yi girbi Tanko ya kai wa marayu dami shida, ya ce alheri ne. Washegari Inna Hajo ta iso gidana da sandarta. Ta ce, "Kai ne mai igiya ko? Tashi. Malam zai raba da kansa yau, kuma kai ka ƙirga kunyoyin nan, sai ka zo ka tsaya a kansu."

Na ce, "Inna, an kore ni."

Ta ce, "Daga zaure aka kore ka. Gonar ɗana ba zaure ba ce."

Na bi ta. A ƙarƙashin ɗorawa Malam Ɗahiru ya shimfiɗa buzunsa, magada da dattawa suka kewaye shi. Ya tambaye ni yawan kunyoyi ba tare da ya dube ni ba, na ce ɗari da ashirin. Ya sa aka tsinto tsakuwa ɗari da ashirin, ya shata gurbi ashirin da huɗu a ƙasa, ya shiga jefa su ɗaya-ɗaya, irin rabon da kakanninmu ke yi. Hanya ce mai kyau, ba ta ƙarya, sai dai tana cin rana. Sau biyu lissafi ya rikice aka sake daga farko, sau ɗaya akuya ta bi ta kai. Tun hantsi har rana ta take tsaka, sannan kowane gurbi ya samu biyar.

Ya tattara gurbi uku na matar ya ƙirga. "Goma sha biyar." Ya ɗan dakata. Ya ɗauki gurbi ɗaya na Tanko. "Biyar." Ya sake dakatawa, wannan karon ya daɗe. Sannan na Inna Hajo, ashirin. Na yarinya ta fari, arba'in. Bai ƙirga na ta biyun ba. Ya jawo gafakarsa ya kwance, ya fito da takardata, ya shimfiɗa ta a gwiwa. Yana duban ta yana duban tsakuwa. Biyu sun dace da abin da ya samu, uku sun saɓa, kuma ukun nan kowanne ya saɓa ta hanya iri ɗaya: biyu a maimakon ashirin, huɗu a maimakon arba'in. Sai na ga ya ɗaga takardar sama ya saita ta da rana.

Ni ma daga inda nake tsaye na hango. Wuri uku takardar ta yi sirara, haske yana ratsowa, kowanne a gefen adadin da ya saɓa. Sawun wuƙarsa ne. Sai a lokacin na gane abin da ya faru, wata bakwai ina zargin mutumin nan da ƙin gaskiya, ashe gyara ya yi mini. Ya ga ɗigo uku zaune su kaɗai, ba harafi a samansu ba harafi a ƙasansu, ya ɗauka ƙuda ne ya bi ta kan takardar. Hatimin da ya saba gani daga ɗaya zuwa tara yake, da goma sha biyar, jimlar kowane layi, a gefe, babu sifili a cikinsa ko ɗaya.

Ya sauke hannunsa ya ce, "Hamidu, zo nan." Na zo na durƙusa. Ya nuna wurin da farce. "Mene ne na cire a nan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, babu ce."

"Babu?"

"Ita ke tsare ɗakin da ba kowa, don huɗu ta san ta zama arba'in."

Ya jinjina kai. Ya ce, a gaban kowa, da Tanko da marayu da dattawa, "Na kankare babu, na hana marayu damina guda. Ku shaida kuskuren nawa ne." Ni kuwa kunya ɗari da ashirin na ƙirga a gonar nan, amma wadda ta rufe ni a lokacin ta fi su nauyi. Na ce ya yafe mini maganar da na faɗa masa. Ya ce, "Maganar ba ta da ladabi, amma ba ƙarya ba ce. Wanda bai iya ba sai ya tambaya. Ga shi ina tambaya." A ranar aka kafa duwatsun iyaka, kuma ya sa Tanko ya mayar wa kowa rabonsa na hatsin shekarar. Tanko ya yi ta huci, amma uwarsa na tsaye da sanda.

Washegari da na zo zauren na tarar an shimfiɗa buzuna, ba a bakin ƙofa ba, a hagunsa. Da ɗalibai suka taru ya ce daga yau ba wanda zai karanta babin gado a wurinsa sai ya zauna gaban allon yashi tukuna. Wani daga baya ya ce, "Allah gafarta Malam, to da wane suna za mu kira shi?" Ya ce, "Da sunan masu shi. Hisabin Hindu. Mutanen da suka san a bai wa babu wurin zama ba a raina musu hankali." Sannan ya tashi daga buzunsa, da furfurarsa da komai, ya zauna a ƙasa cikin sahunku, inda kai mai jar hula kake zaune yanzu, ya ce in fara masa daga ɗaya. Na ce sai dai fa a fara daga tankaɗe. Ya ce a kawo rariya. Shekara uku ya yi yana zuwa kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma bai taɓa kawo mini yashi mai tsakuwa ba.

Tun daga ranar ba na ba da takardar rabo sai na rubuta adadi sau biyu, da alama da kuma kalma, kuma haka za ku yi in kun fita daga hannuna. Yanzu akwai allon yashi a Tsanyawa, akwai biyu a wajen Minjibir, duk waɗanda suka tashi daga zauren nan ne suka kai su. Ina sa rai wani cikinku zai kai shi inda ban taɓa zuwa ba.

Takardar tana nan, shi ya bar mini ita. Da hannunsa ya mayar da ɗigon uku, za ku ga tawadarsu ta fi sauran baƙi, ta ɗan baje don wurin ya yi laushi. Ga shi ruwa ya tsagaita, rana ta leƙo. Kai da ka yi magana a bakin rijiya, taso ka karɓa. Fita da ita ƙofa ka ɗaga sama, ka riƙe ta da hannu biyu. In ka gama gani, ƙwarya tana bayan ƙyaure, rafi kuma ka san hanya.